Fashin Baƙi: Ranar Gamawa Ko Ƙarfin Hannu, Wanne Zai Gusa?

Me ya sa ɗan kwangila zai ɗaga wani sashe na aiki da mako biyu ya ce maka ranar miƙa makulli tana nan daram, sannan wata rana ya ɗaga wani sashen da yini ɗaya tak ya ce sai dai a yi haƙuri, ranar ta gusa? Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ginin masallaci ko makaranta a Aboabo, Asawase ko Sawaba ya san irin ƙurar da wannan magana ke tayarwa. Wasu su ce wayo ne, wasu su ce kuɗin aka taɓa. Wani lokacin ma hakan ne. Amma sau da yawa gaskiya mutumin yake faɗa, illa dai bai iya bayani ba, masu saurarensa kuma ba su san cewa ɗagawa iri biyu ce ba.

Maganar ba ta tsaya a ginin unguwa ba. A nan Kumasi da wuya mako ya wuce ba a tayar da zancen kashi na biyu na kasuwar Kejetia ko Agenda 111, wato shirin gwamnati na gina asibitoci 111, a rediyo ba, kuma tambayar kullum ɗaya ce: an sa rana, me ya hana a cika? Haka nan matasanmu da ke karatun tafiyar da ayyuka a jami'ar KNUST, ko masu shirin jarrabawar PMP ta shaidar ƙwarewa a wannan fanni, suna cin karo da kalmomi biyu da ke ruɗa su, waɗanda Turawa ke kira risos simudin da risos lebelin. A nan zan kira na farko bajewa, na biyu kuma bin ƙarfi. Sunayen nawa ne, don mu samu abin riƙewa.

Abubuwa uku da sai an san su tukuna

Na farko shi ne ƙarfi. Idan masu tsara aiki suka yi wannan magana suna nufin duk abin da aiki ke ci wanda yake da iyaka: magina, kafintoci, mai lanƙwasa rodi, injin kwaɓa kankare, tifa, katakon dekin, kuɗi, har da injiniya ɗaya tilo da sai ya zo ya duba kafin a zuba kankare.

Na biyu shi ne ƙashin bayan aiki. A kowane aiki akwai jerin matakai da ke bin juna dole, kuma jerin da ya fi kowane tsawo shi ke yanke ranar gamawa. Ba a filasta sai an ɗora bulo, ba a fenti sai filasta ta bushe. Duk yinin da aka rasa a wannan jeri an rasa shi a aikin gaba ɗaya.

Na uku shi ne rara. Matakan da ba sa cikin wancan jeri suna da sararin motsi. Ana iya fara su yau, ana iya bari sai wani mako, ranar gamawa ba za ta ji komai ba. Adadin kwanakin da za a iya jinkirta mataki ba tare da an taɓa ranar ƙarshe ba shi ne rararsa. Bambancin bajewa da bin ƙarfi duk a kan wannan rara yake, saboda haka a riƙe ta.

Mu ɗauki ginin Islamiyya

Lissafin nan misali ne na ƙirƙira don a gane. A ce kwamitin wata Islamiyya ya ɗora ajujuwa uku har an rufa kwano, saura kammalawa, kuma ana son buɗewa bayan kwana 20 saboda an riga an sa ranar saukar karatu, an gayyaci baƙi.

Filastar ajujuwa za ta ci kwana 10 da magina 4. Bayanta daɓe, kwana 6 da magina 2. Bayansa fenti, kwana 4, wanda aikin masu fenti ne, ba ruwan magina. Goma da shida da huɗu, ashirin cif. Wannan shi ne ƙashin baya.

A gefe akwai ayyuka biyu. Katanga tana son magina 3 na kwana 5, kuma ba ta jiran komai, ba abin da ke jiranta, don haka rararta kwana 15 ce. Wurin alwala yana son magina 2 na kwana 4, sai mai famfo ya zo ya yi kwana 2, rararsa kwana 14.

Yanzu me kwamiti zai so? Abin da kowa ke so: a fara komai ranar Litinin, jama'a su ga ana aiki. To ga abin da zai faru. Kwana huɗun farko ana bukatar magina 9 a fili. Rana ta biyar 7. Daga ta shida zuwa ta goma 4. Daga ta sha ɗaya zuwa ta sha shida 2. Kwana huɗun ƙarshe babu ko ɗaya. In ka zana wannan a takarda za ka ga tudu babba a farko, sai gangara har ƙasa.

Wannan tudu yana da tsada. Sai an nemo magina biyar na ƙari, waɗanda fomen bai san hannunsu ba, a biya su bai-de, wato kuɗin yini-yini, bayan mako ɗaya a sallame su. Kowane magini kuma yana jan lebura, yana jan kwanon kwaɓa, yana jan ruwa. Tankin ruwa ɗaya ne, ƙofar shigo da yashi ɗaya ce, lungun ma aboboya ɗaya, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, ke iya shiga a lokaci guda. Fomen ɗaya zai raba ido wuri uku.

Bajewa: a muskuta, kar a taɓa ranar

Mai bajewa yana farawa da alkawari ɗaya: kwana 20 ba za su zama 21 ba. Ƙashin baya ba zai taɓa shi ba. Abin da yake da iko a kai shi ne matakan da ke da rara, kuma iyakar motsinsu iyakar rararsu.

Sai ya ɗauke wurin alwala daga ranar farko ya kai shi rana ta 11, lokacin da filasta ta ƙare kuma magina biyu sun samu hannu. Su yi kwana huɗu, mai famfo ya shigo ranar 15 da 16. Katanga kuma ya tura ta can ƙarshe, daga rana ta 16 zuwa ta 20. Yanzu duba yadda bukatar ta koma: magina 4 tun daga ranar farko har ta 14, sai 2 a rana ta 15, sai 5 a rana ta 16, sai 3 har ƙarshe.

Aikin bai ragu ba. In ka tara yinin magina a tsarin farko za ka samu 75, a na biyu ma 75. Ranar saukar karatu ba ta motsa ba. Amma tudun da ya kai tara ya dawo biyar, kuma mutanen fomen su huɗu sun samu aiki a jere kusan mako uku maimakon cunkoso a farko da zaman banza a ƙarshe. Wannan ce ɗagawar da ɗan kwangila zai yi ya ce maka kada ka damu. Katangar ta yi jinkirin mako biyu, kuma gaskiya ne ba abin damuwa, muddin lissafin rararsa daidai ne.

Masana sun daɗe da samar da ma'aunin wannan laushi. Tun 1962 wasu mutum biyu, Burgess da Killebrew, suka kawo dabarar ninka adadin kowace rana da kansa sannan a tara, saboda ninkawar tana hukunta tudu fiye da kwari. A misalinmu tsarin farko ya ba da 477, na biyu 289. Ƙaramin adadi shi ne shimfiɗaɗɗe. Ba sai mai gini ya yi wannan lissafi ba, ido ma yana gani, amma irinsa kwamfuta ke yi a ciki.

Rana ta 16, inda bin ƙarfi ke shigowa

Ga inda gizo ke saƙa. A ce fomen ya ce shi magina huɗu gare shi, ba shi da na biyar, kwamiti kuma ya ce ba a da kuɗin ɗaukar baƙon hannu. Rana ta 16 tana neman biyar. Bajewa ta yi iyakar ƙoƙarinta, ta kai katanga bakin rararta, ba sauran wurin muskutawa. Wannan ita ce gazawar bajewa da ya kamata a sani tun farko: tana rage tudu, ba ta yi alkawarin share shi ba.

Mai bin ƙarfi alkawarinsa daban ne. Shi cewa yake ba ranar da za a nemi fiye da abin da ake da shi. Huɗu ne, huɗu ne. In ranar gamawa za ta gusa, ta gusa. Sai ya bar katanga har a gama daɓe, ta fara rana ta 17 ta ƙare ta 21. Ɗagawar yini ɗaya ce kawai a kan tsarin baya, amma wannan karon aikin gaba ɗaya ya koma kwana 21.

A lura da wani abu da ya faru a nan, domin shi ne ke kayar da ɗalibai a jarrabawa kuma shi ne ke ɓata wa kwamiti rai. Ƙashin baya ya sauya. Da filasta ne, daɓe, fenti. Yanzu filasta ne, daɓe, katanga, fenti kuma ya samu rarar yini ɗaya. Alhali katanga ba ta da wata alaƙa da daɓen aji. Ba bango ɗaya suka haɗa ba, ba siminti ɗaya ba. Abin da ya ɗaure su shi ne mutanen da za su yi wannan su ne za su yi wancan. Shi ya sa idan Alhaji shugaban kwamiti ya ce, "Malam, ina ruwan katangar waje da daɓen ciki?" fomen ya amsa, "Alhaji, hannun ne ɗaya," duk su biyun suna da gaskiya, amma ta fomen ce ke yanke rana.

Mai karatu da ya san gini zai ce ai fomen mai dabara zai tura mutum biyun da ke zaune ranar 15 su fara harsashin katanga, a ƙarasa da huɗu daga baya, a tsira da kwana 20. Haka ne, kuma shi ya sa gogaggen fomen ya fi jadawalin takarda. Sai dai wannan sauya fasalin aikin ne, kuma ba kowane aiki ke yarda a gutsuttsura shi ba. Ɗora bulo yana yarda. Zuba dekin ba ya yarda: in an fara sai an gama, da cikakkun mutane da inji, in ba haka ba a bar gaɓa a tsakiyar kankare da za ta riƙa yoyo duk damina.

In kuma magina uku ne kawai, ba sai an wahala da zane ba. Yini 75 a raba wa mutum uku, kwana 25 ke nan ko da ba a ɓata sa'a ɗaya ba. Duk wanda ya ce maka zai gama a 20 da mutum uku, ko dai zai ci da dare ne, ko zai rage ingancin aiki, ko kuma yana so ne ka ba shi kafin alƙalami tukuna.

Abin da bajewa ke ci a ɓoye

Mutane sukan ɗauka bajewa kyauta ce tunda rana ba ta motsa ba. A ganina wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa.

Rara ita ce garkuwar aiki. Katangar da ke da kwana 15 na sarari, bayan an baje ta ba ta da ko ɗaya. A kudancin Ghana ruwa na sauka sosai daga Afrilu zuwa Yuli, ya dawo kuma wajen Satumba zuwa Nuwamba. Filasta da daɓe a ƙarƙashin kwano ake yin su, ruwa bai dame su ba. Katanga a fili take. In aka wayi gari rana ta 18 da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ranar saukar karatu ta tafi, kuma aikin da zai jawo hakan shi ne wanda da farko ya fi kowane sarari. Bajewa ta mai da abin da ba shi da haɗari mai haɗari.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya gani. Katangar da aka bari sai ƙarshe tana nufin mako biyu da rabi buhunan siminti da rodi suna kwana a fili ba shinge. Kuɗin mai gadi, ko kuɗin abin da zai yi ƙafa, yana iya fin abin da aka tsira da shi na bai-de. Sannan farashi: wanda ya ga yadda sidi ya faɗi a 2022 ya san cewa bulon da ka jinkirta saye ba lalle ka same shi a kuɗin jiya ba. Saboda haka mai hankali ba ya cinye rara duka. Yakan bar kwana biyu ko uku a aljihu, ya yarda da ɗan tudu.

Bin ƙarfi shi ma yana da nasa kuɗin, sai dai shi a fili yake. Kowace ranar ƙari hayar katako da ƙarfen tallafi tana tafiya, mai gadi yana cin albashi, in kwangilar hukuma ce ko ta kamfani akwai tarar jinkiri da aka rubuta a yarjejeniya. In shago ne, kuɗin hayar da mai shi zai fara karɓa ya ja baya.

Me ya sa ake ruɗa su

Asalin ruɗanin tsoho ne. Dabarar gano ƙashin bayan aiki ta fito ne a Amurka wajen 1957, daga haɗin gwiwar Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na Remington Rand, a daidai lokacin da sojojin ruwan ƙasar ke samar da tasu, PERT, don aikin makamin Polaris. Duka biyun lokaci da jerin matakai suke kallo. Lissafinsu na farko yana ɗauka cewa duk ranar da ka bukaci mutum goma za ka same su. Daga baya ne aka koma ana gyara jadawalin don ya yi daidai da abin da ke hannu, kuma shekaru da dama marubuta suna kiran kowane irin gyara da sunan lebelin, har da wanda ba ya taɓa ranar gamawa.

Cibiyar PMI ta Amurka, wadda aka kafa a 1969 kuma ita ke ba da shaidar PMP, ta raba su yadda na raba a sama. Ƙungiyar APM ta Ingila kuma tana da sunayen da ni na fi so saboda sun faɗi abin kai tsaye: ɗaya tsari ne da lokaci ya ƙayyade, ɗaya tsari ne da ƙarfi ya ƙayyade. In ɗalibi ya riƙe wannan ya gama da tambayar.

Manhajoji ma sun ƙara dagula lamarin. A Microsoft Project maɓalli ɗaya ne ke yin duka biyun. Akwai wani ɗan akwati da in ka sa masa alama manhajar za ta tsaya cikin rara, wato bajewa, in ba ka sa ba ta tura ranar gamawa duk inda lissafi ya kai ta, wato bin ƙarfi. Primavera P6, wadda manyan kamfanonin hanya da ma'adinai suka fi amfani da ita, tana da irin wannan zaɓi. Sau nawa matashi zai danna maɓallin ya ga aikin wata shida ya koma wata tara, ya firgita ya soke, ya buga tsohon jadawalin ya kai wa maigida? Wata taran nan ba laifin kwamfuta ba ne. Ita ce ta fara faɗa masa gaskiya.

"A ƙaro mutane mana"

Wannan ita ce amsar da ke fitowa daga bakin kowane mai aiki, kuma wani lokacin ita ce daidai. A misalinmu magini ɗaya na yini ɗaya ya isa ya ceci ranar. Wauta ce a ɗage taron da aka gayyato baƙi daga Tamale da Accra saboda kuɗin yini ɗaya.

Amma ƙari yana da iyaka. Aji ɗaya ba zai ɗauki magina goma ba, sai su riƙa taka juna. Kankare kuma ba ya jin roƙo: ƙarfinsa na ƙa'ida a kwana 28 ake auna shi, kuma ko ka tara leburorin Kumasi duka ba za a cire katakon dekin washegari ba. A fannin rubuta manhaja Fred Brooks ya faɗi irin wannan tun 1975, cewa ƙara mutane a aikin da ya riga ya makara yana ƙara masa makara, saboda tsofaffin hannu za su bar aikinsu su koma koyar da sababbi. Mu da muka gaji "sauri ya haifi nawa" ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ɗaya hanyar ita ce a matsa wa waɗanda ake da su. Dokar ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta sa aikin ƙa'ida awa 8 a yini ko awa 40 a mako, abin da ya haura kuma aikin ƙari ne mai nasa sharuɗɗa. A wuraren gini na unguwa kowa ya san ba a cika duba wannan ba. Jiki ne ke dubawa. Magini da ya yi kwana goma yana tashi da magariba, layinsa zai fara karkacewa, kuma filastar da aka sake ta cinye lokacin da aka ce an samu. In azumi ne ma, wanda ya lissafa ƙarfin mutum kamar na sauran watanni ya yaudari kansa tun a takarda.

Tela ya san duka biyun

Wanda bai taɓa gini ba ya duba shagon tela a watan azumi. Sallah ba ta ɗaguwa. Tela mai tsari zai yi yanka tun farkon wata, ya tura aikin da ba na Sallah ba zuwa bayanta, ya ajiye sa maɓalli da guga ga yaran shago a kwanakin da keken ya cika. Bajewa ke nan. Amma in injin surfani ɗaya ne, mai iya shi ɗaya ne, kuma riga tana cin yini, to kwanakin da suka rage su ne adadin rigunan da za su fita. Tela na gari zai ce, "Hajiya, na Alhaji zai samu, na yaran sai bayan Sallah." Wannan bin ƙarfi ne, kuma ɗaci gare shi. Wanda ya karɓi komai ya ce in sha Allahu, shi ne wanda ake nema daren Sallah wayarsa a kashe.

Ƙa'idar zaɓi daga nan take fitowa. Inda rana ce ba ta motsi, kamar zaɓe, jigilar alhazai, buɗe makaranta ko ɗaurin aure, a baje, abin da ya rage na tudu a saye shi da kuɗi ko a rage girman aikin. Inda ƙarfi ne ba ya ƙaruwa, kamar inji ɗaya ko gwani ɗaya, a bi ƙarfin a faɗi sabuwar rana. A aikace ba a zaɓar ɗaya a jefar da ɗaya. Ana fara gwada bajewa tunda ba ta taɓa alkawari, in ta gaza a koma bin ƙarfi, in an samu sabuwar rana kuma a sake bajewa a cikinta. Har ranar da ake ganin ba ta motsi takan motsa in ƙarfi ya gaza: wasannin Afirka da Ghana ta karɓa an shirya su ne a Agustan 2023, ba a yi su ba sai Maris 2024, kuma rashin kammala wuraren wasa yana cikin dalilan.

Idan abin da ya yi ƙaranci kuɗi ne

Littattafan wannan fanni sun fi magana a kan ma'aikata da injuna. A ƙasar nan abin da ya fi yanke wa aiki hanzari shi ne kuɗi da lokacin fitowarsa, kuma lissafin ɗaya ne.

Wani mai bincike, Martin Williams, ya bi diddigin ƙananan ayyuka sama da 14,000 na ƙananan hukumomin Ghana, irin su ajujuwa da ɗakunan shan magani, ya wallafa sakamakon a 2017. Ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku ba a taɓa kammala su ba, kuma sun lashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da ƙananan hukumomin ke zubawa a irin waɗannan ayyuka. Bayaninsa bai tsaya a kan sata ba. Ya nuna cewa kowane yanki yana son a ga nasa aikin ya fara, sai a buɗe sababbi kafin a rufe tsofaffi. Da harshen wannan rubutu, an fara komai ranar Litinin da magina huɗu.

Manyan ayyuka ma haka. An ƙaddamar da Agenda 111 a Trede, nan jihar Ashanti, a Agustan 2021, da alkawarin watanni 18, kuma har gwamnatin da ta fara shi ta sauka a Janairun 2025 kaɗan ne ƙwarai aka buɗe. Gwamnatin da ta gabace ta ta yi alkawarin makarantun sakandare na jeka-ka-dawo guda 200, ita ma ba ta kammala su ba. Gadar Sofoline tun 2007 aka fara ta, ta ga shugabanni da dama. Ba jam'iyya ɗaya ke da wannan ciwo ba. A Disambar 2022 ƙasar ta dakatar da biyan mafi yawan basussukanta na waje, a Mayun 2023 ta shiga shirin IMF na dala biliyan 3, ayyukan da ke tafiya da rancen waje, ciki har da kashi na biyu na Kejetia, suka tsaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa dalilan da suka wuce jadawali, amma abu ɗaya ya haɗa su: ranar da aka sanar ta fi ƙarfin da ke hannu.

Bin ƙarfi na gaskiya a irin wannan hali shi ne a jera: a gama ashirin, a buɗe su su fara amfani, a shiga ashirin na gaba. Jimillar lokacin ba lalle ta ragu ba, amma mara lafiya a gari na farko zai ga likita shekaru kafin na ƙarshe, maimakon duk su zauna suna kallon ginin da ciyawa ta rufe. Abin da ke hana hakan ba lissafi ba ne. Wa zai je ya gaya wa sarkin gari na ɗari da sha ɗaya cewa shi ne na ƙarshe a layi? Taura biyu ba ta taunuwa, amma a siyasa an fi son a gan ka da biyun a baki.

Talaka kuwa ya daɗe yana bin ƙarfi ba tare da ya san sunansa ba. Gidan da ake ginawa da kuɗin da ɗa ke aikowa daga Jamus ko Amurka, bana harsashi, baɗi linta, shekara ta uku kwano, ba shi da ranar gamawa sai wadda aljihu ya ba shi. Inda yakan yi asara shi ne wajen jerin: a ɗora bulo a bar shi damina biyu ba rufi, ko a sayi siminti da yawa ya daskare kafin kuɗin magini ya zo. Da an tara an yi matakin da zai iya tsayawa da kansa, da ya fi.

Abin da za ka tambayi ɗan kwangila

Idan aka zo maka da maganar ɗagawa, kafin ka ɗaga murya ka tambaye shi sashen da zai ɗaga kwana nawa ne rararsa, kuma nawa za ta rage bayan ɗagawar. In ya ce goma ce za ta koma huɗu, bajewa yake yi, ka bar shi. In ya ce ba saura, ka tambaye shi me zai yi in ruwa ya sauka ko wani ya kwanta ciwo. In kuma ya ce ranar ce za ta gusa, ka tambaye shi wane hannu ne ko wane inji ne ya yi ƙaranci, a wace rana, kuma nawa ne kuɗin cike gurbin. Wanda ya yi lissafi zai ce maka magini ɗaya ne, rana ta 16, ga kuɗin yininsa. Daga nan hukunci ya dawo teburin kwamiti: ko ma'aji ya buɗe jaka, ko sakatare ya fara kiran baƙin Tamale.